Karsanar ƴar fari

I. KARATU

1. Shekarar fari

A wani ƙauye arewa da Tasawa an yi wata mace, ƴaƴanta suna ce mata Inna. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyar. Babbarsu mace ce. Ran Juma'a aka haife ta, shi ya sa ake kiranta Jummai. Ƙaraminsu namiji ne, ana ce masa Auta.

Jummai ita ce ƴar fari. Inna ba ta faɗin sunanta, ko na yanka ko na rana. In za ta kira ta, sai ta ce: «Ke, yarinya!» In tana zancenta da wani, sai ta ce: «waccan». Da aka yaye Jummai, kakarta ta ɗauke ta riƙo. A hannun kakar ta girma.

A farkon shekarar 1973 aka yi wa Jummai aure. Kakarta ta ba ta karsana ja mai farin goshi. Ba a jima ba kakar ta rasu. Mijin Jummai tela ne a Damagaram, gidansu ba shi da wurin ɗaure saniya. Saboda haka ta bar karsanar a turken Inna.

Daminar wannan shekara ruwa bai yi ba. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba. Rumbuna suka zama wayam. Shanu suna faɗuwa a daji, ba su tashi. Inna ta dubi ƴaƴanta huɗu, ta dubi karsana. Ran kasuwa ta ja ta zuwa Tasawa, ta sayar, ta sayo hatsi. Ba ta aika wa Jummai ba.

Da ɗari ya shigo, Jummai ta zo ganin gida, tana da ciki. Ta tarar da turke babu kome. Ta ce: «Inna, ina karsanata?» Inna tana zaune tana kaɗi. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta ce uffan ba. Wata maƙwabciya ce ta ce: «An sayar.»

Ran Jummai ya ɓaci. Ta yi magana da ƙarfi, matan unguwa suna ji. Ta ce: «Tun ina ƙarama kika ba da ni. Ko sunana ba ki taɓa faɗi ba. Abu ɗaya na mallaka, shi ma kin sayar. Da na Auta ne, da ba ki taɓa shi ba. Ni ba ni da uwa sai wadda ta mutu!»

Inna ta aje mazari. Ta ce: «Tun da ba ki da uwa, me kike nema a gidan nan?»

Jummai ta ɗauki ƙunshinta, ta fita. Ko ruwan gidan ba ta sha ba.

2. Shekara goma sha biyu

Da cikin Jummai ya tsufa, ba ta je gida goyon ciki ba. A Damagaram ta haihu, uwar mijinta ce ta yi mata wankan jego. Mace ta haifa, ran Lahadi, ana ce mata Ladi.

Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Limamin ƙauye ya yi wa Inna magana. Ta ce: «Ƙafa gare ta, ta san hanya.» Gwaggon Jummai ta je har Damagaram ta yi mata faɗa. Jummai ta ce: «In tana so na, ta aiko.» Kowace tana jiran ɗayar ta fara.

Daga Damagaram zuwa Tasawa kilomita ɗari ne da ƴan kai. Wanda ya shiga mota da safe, zai yi azahar a can. Amma shekara goma sha biyu Jummai ba ta bi wannan hanya ba.

3. Takarda

Da kakar shekarar 1985, wani direba ya kawo takarda gidan tela. Da Hausa aka rubuta ta. Jummai ba ta yi karatun boko ba. Ladi kuwa tana aji biyar a makarantar gwaji, inda ake fara karatu da Hausa. Ita ta buɗe takardar, ta karanta:

«Zuwa ga yayata. Gaisuwa mai yawa. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke Inna ba ta da lafiya tun farkon damina. Mun kai ta likita a Tasawa, an ba ta magani, amma jiki ya ƙi. Yanzu ko fura ba ta sha sai ludayi biyu. Ba ita ta ce in rubuto miki ba. Amma kullum da marece takan sa a zaunar da ita, tana duban hanyar gabas. In za ki zo, ki zo yanzu. Ni ne ƙanenki, Auta.»

Jummai ta ce: «Aje ta.» Ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Da dare Ladi ta kasa barci. Ta ce: «Iya, me ya sa ba mu zuwa wajen Kaka?»

Jummai ta ce: «Ba ta so na. Ko sunana ba ta taɓa faɗi ba.»

Ladi ta yi shiru kaɗan. Can ta ce: «Iya, ai ke ma ba ki faɗin nawa. Kullum "ke, yarinya" kike ce mini. Ashe ba ki so na?»

Jummai ta rasa amsa. Ta tuna shekarar da Ladi ta yi ƙyanda. Kwana bakwai ta yi ba ta runtsa ba. Amma in baƙi sun zo dubiya, sai ta kau da kai kamar ba ɗiyarta ba ce. Hawaye suka zubo mata cikin duhu.

Da asuba ta nemi izinin mijinta. Ya ce: «Tun yaushe nake gaya miki? Tashi ku tafi.» Ya raka su tasha, ya biya kuɗin mota.

4. A ɗakin Inna

Suka wuce Takeita, suka isa Tasawa da azahar. Daga nan suka hau amalanken shanu. La'asar sakaliya suka shiga ƙauye.

A tsakar gida Jummai ta tsaya cik. A turken nan na dā ga saniya ja mai farin goshi, ga maraƙi a gefenta. Auta ya ce: «Shiga tukuna, yaya. Tana jira.»

Inna tana kwance bisa tabarma. Ta rame ƙwarai. Ladi ce ta fara durƙusawa ta gaishe ta. Tsohuwa ta buɗe ido, ta ƙura mata. Ta ce: «Wace ce wannan? Kishiya ce ta zo ta ƙwace mini gida?» Ladi ta yi dariya. Inna ma ta yi murmushi.

Sai Jummai ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce: «Inna, na zo. Na faɗa miki maganar da ɗiya ba ta faɗa wa uwa. Ki gafarce ni don Allah.»

Inna ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce: «Auta, gaya mata.»

Auta ya ce: «Yaya, a shekarar nan dabba ba ta da daraja. Kuɗin karsanarki buhu biyu kawai suka saya. Inna takan ɗebi tiya guda, ta haɗa da anza da ganye, ta dama mana. Ita sai mun ƙoshi take lasar ƙwarya. Da wannan hatsi muka kai damina. Mu huɗu, babu wanda ya mutu.

«Da sauƙi ya zo, ta shiga kaɗi da soya ƙuli-ƙuli. Ta sayi jar akuya guda. Akuya ta yi ta haifar tagwaye. Bayan shekara shida ta sayar da awakin, ta yi ta yawon kasuwa har ta sami karsana mai kamar taki. Bara da fari ya dawo, kowa ya ce ta sayar kafin ta mutu. Ta ƙi. Kullum da sassafe tana gindin gawo tana tsintar mata ƴaƴa. Da ciwo ya kama ta, muka ce a sayar a nemi magani. Ta ce ba tata ba ce.»

Jummai ta matso kusa, tana kuka. Ta ce: «Inna, me ya sa ba ki aiko mini ba?»

Inna ta ce: «Kunya. Ke me ya hana ki zuwa?»

Jummai ta ce: «Da fari fushi. Daga baya ni ma kunya.»

Inna ta ce: «Na taɓa kayanki ban tambaye ki ba. Ranar da kika tambaye ni, da na buɗe baki na gaya miki, da ba a kai haka ba. Kuma na kore ki kina da ciki. Ba na so in tafi da bashi. Ga saniyarki nan. Ke ma ki gafarce ni.»

Jummai ta ce: «Na yafe miki duniya da lahira.»

Inna ta ce: «Ni ma na yafe miki. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.» Ta miƙo hannu, ta dafa kan ɗiyarta. Sannan ta kira ta da sunanta na yanka, a hankali, sau ɗaya. Jummai ba ta taɓa jin sunan nan daga bakin uwarta ba sai ran nan.

5. Kwana tara

Kwana tara Jummai ta yi tana jiyya. Ita ke dama kunu, ita ke wanke ta, ita ke juya ta in gefe ya gaji. Da dare sukan yi ƴar hira, Ladi tana saurare. A dare na tara Inna ta cika, kanta bisa cinyar ƴar farinta.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida. Kafin a yi salla, liman ya ce duk wanda yake bin marigayiya bashi ya faɗa. Jummai tana cikin gida, tana ji ta bayan darni. Babu wanda ya amsa.

Bayan sadakar bakwai, Jummai ta bar saniyar a turkenta. Ta ce ƴaƴan Auta su riƙa shan nono, maraƙin kuwa na Ladi ne. Tun daga nan kowace kaka takan zo ganin gida. A gaban mutane ba ta bar ce wa Ladi «ke, yarinya» ba. Amma in su biyu ne a ɗaki, takan zaunar da ita su yi hira.

II. MU ƘARA SANI

Kunyar ɗan fari. A ƙasar Hausa iyaye suna kunyar ɗansu na fari. Ba su faɗin sunansa, ba su wasa da shi a gaban mutane. Sau da yawa, in an yaye shi, kaka ko wata ƴar'uwa takan ɗauke shi riƙo. Wannan al'ada ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne: uwa tana nuna cewa ɗan na dangi ne duka. A birane al'adar ta ragu, amma gidaje da yawa suna riƙe da ita. Yaron da ba a bayyana masa ba yana iya ɗauka ba a son sa. Abin da ya sami Jummai ke nan.

Goyon ciki. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a can. Uwarta da kakanninta su kula da ita, su yi mata wankan jego har kwana arba'in. Shi ya sa kowa ya gane ɓatawar Jummai da Inna ta yi tsanani, da ta ƙi zuwa.

Shekarun fari. Daga 1968 ruwan sama ya yi ta raguwa a ƙasashen Sahel, abin ya fi muni a 1973. Dabbobi masu yawa suka mutu a Nijar, mutane suka bar ƙauyuka. A 1984 fari ya sake dawowa. A irin wannan lokaci hatsi yana tsada, dabba tana araha, don kowa yana son ya sayar kafin ta mutu. Mutane sukan ci anza. Ƴaƴanta suna da ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi lokacin da babu ciyawa.

Neman gafara. Mutanenmu sukan nemi gafarar juna ran salla, da lokacin doguwar tafiya kamar aikin hajji, da lokacin ciwo mai tsanani. Mai nema ya ce: «Ka gafarce ni.» A amsa masa: «Na yafe. Allah ya yafe mana.» Malamai suna koyar da cewa haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai an biya shi ko mai shi ya yafe. Don haka ne ake cigiyar bashi kafin a yi wa mamaci salla.

Haƙƙin uwa. A cikin Alƙur'ani, sura ta 17, aya ta 23, an hana mutum ya faɗa wa iyayensa ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, balle ya tsawata musu. Sura ta 31, aya ta 14, ta tuna mana wahalar uwa, daga ciki har yaye. A littattafan hadisi na Buhari da Muslim an rawaito cewa wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, wa ya fi cancanta ya kyautata wa. Sau uku ana ambata masa uwa, a na huɗu aka ambaci uba. A cikinsu kuma an hana musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku.

III. MA'ANAR KALMOMI

karsana: saniyar da ba ta haihu ba tukuna.
turke: icen da ake kafawa a ɗaure dabba.
riƙo: ɗaukar ɗan wani a rene shi.
sunan yanka: sunan da aka raɗa wa jariri ran suna.
mazari: ɗan sandan da ake kaɗa zare da shi.
tiya: ƙwaryar awon hatsi.
jiyya: kula da marar lafiya.
ta cika: ta rasu.
darni: shingen kara da ke kewaye gida.

IV. TAMBAYOYI

1. Wa ya ba Jummai karsana? Me ya sa ta bar ta a ƙauye?
2. Me ya sa Inna ta sayar da karsanar?
3. Mene ne laifin Inna? Mene ne laifin Jummai?
4. Su wa suka yi ƙoƙarin shirya su? Me kowace ta amsa?
5. Wace tambaya Ladi ta yi wa uwarta? Me ya sa Jummai ta rasa amsa?
6. Me ya sa Inna ta ce wa Ladi «kishiya»? Ku faɗi irin wasan da kuke yi da kakanninku.
7. Me ya sa Inna ta ƙi a sayar da saniyar a nemi magani?
8. Da Jummai ta ƙara kwana goma kafin ta tashi, da me ya faru?

V. NAZARIN HARSHE

a) Rubutu ɗaya, ma'ana uku. Ku karanta da ƙarfi, ku saurara:
Jummai ƴar fari ce.
An yi fari a 1973.
Goshin karsana fari ne.
A jimla ta ɗaya ana jan wasalin «a». A sauran biyu ba a jan sa. A ta biyu murya tana sauka a ƙarshen kalmar, a ta uku ba ta sauka. Ku yi jimla guda da kowace ma'ana. Ku nemo ma'anoni biyu na kalmar «kaka» a cikin labarin.

b) Korewa. Misali: Ta aiko. Ba ta aiko ba. Ku kore waɗannan jimloli:
Jummai ta sha ruwan gidan.
Inna ta ɗaga kai.
Mutane sun amsa wa liman.
Auta ya ɓoye labari.

c) Dangantaka. Ku cika gurbi da ɗaya daga cikin waɗannan: kawu, jika, yaya, suruka.
Ladi ........ ce ga Inna.
Auta ........ ne ga Ladi.
Jummai ........ ce ga Auta.
Inna ........ ce ga tela.

d) Karin magana. Wane wuri ne a cikin labarin ya dace da kowanne?
Magana zarar bunu ce.
Zumunta a ƙafa take.
Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa.
Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

VI. LISSAFI

1. Jummai ta bar gida a 1973, ta komo a 1985. Shekara nawa ke nan? Wata nawa ke cikinsu?
2. An haifi Ladi a 1974. Shekarunta nawa ranar da ta karanta takardar?
3. In a shekara akwai kwana 365, kwana nawa ke cikin shekara 12? Ku gwada su da kwana 9 da Jummai ta samu tare da uwarta.

VII. SHIFTA

Kwana tara Jummai ta yi tana jiyya. Ita ke dama kunu, ita ke wanke uwarta. Da dare sukan yi hira. Saniya ja tana ɗaure a turke, maraƙinta yana kwance kusa da darni.

VIII. AIKIN GIDA

1. Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gidanku yadda suka rayu a farin 1973 ko na 1984. Ku rubuta layi biyar, ku kawo aji.
2. Ku sa kanku a matsayin Ladi. Ku rubuta wa kawunku gajeriyar takarda, ku gaya masa kun iso gida lafiya.
3. In akwai wanda ba ku magana da shi, a gida ko a aji, ku fara gaishe shi gobe da safe.

ABIN RIƘEWA

Shirun uwa ba ƙiyayya ba ne. Amma abin da ke cikin zuciya, in ba a faɗe shi ba, ɗayan ba zai sani ba. In an ɓata, kada a jira wa zai fara, don babu wanda ya san kwanakin da suka rage.